Motar Babana da Aka Ƙara wa Tsawo

Babana direba ne, a tasha Ba-Gudu suke ce masa. Ko mai keke ya zo wucewa sai ya kauce masa. Tun ban san kaina ba yake kwasar mata 'yan tumatir a tsohuwar akori-kurarsa, ya kai su gonakin bayan dutse ya dawo da su, bai taɓa kwarzane ko akuya ba. Ni ma da na watsar da makaranta na kama sarin tumatir, motarsa nake shiga. Matan nan su ne abincinmu, ba shi da wasu fasinja.

Hanyar ce 'yar banza, duwatsu a tsakiya kamar haƙora. Wata rana dutse ya fasa ƙasan inji, baƙin mai ya tsiyaye tas. Muka yini a rana, tumatir ya zama miya a kwando. Matan suka sa shi gaba. Akwai Inna Ƙatuwa, shugabarsu, wadda in ta zauna sai mota ta yi nishi. Ta ce, "Ba-Gudu, wannan mota ce ko ƙadangaruwa? Kullum da ciki take tafiya!" Aka kwashe da dariya. Wallahi har da ni.

Ashe abin ya ci shi. Washegari ya kai motar wajen mai walda. Aka yanke nan, aka jona can, aka cusa wasu ƙarafa a ƙarƙashinta don ta ɗaga sama, aka sa mata tayoyi ƙatta na hannu, ɗaya sai maza biyu sun ciccibe shi. Da ya shigo layinmu Mama ta leƙo ta ce, "Malam, da tsani za a ba ka abinci?"

Dutse kam ya daina taɓa ta. Amma sai ta koma wata halitta. Ya taka birki, sai ta yi shawara kafin ta tsaya, nauyin tayoyin na janta. Sitiyari yawo yake, ya ce dama, ta ce bari in gani. Da yamma Mama ke gasa masa kafaɗa da ruwan zafi. Ga kwanduna a jibge har sama, in aka zo kwana sai ka ji duk motar ta kwanta gefe.

Akwai kwanar da ke bakin rami, gangare ne. Dabarar da Baba ya ɓullo da ita, kafin a kai wurin sai ya buga ƙofa ya yi ihu, "Kowa ɓangaren dutse!" Mu rarrafa mu cunkushe gefe guda. Inna Ƙatuwa kuwa wurinta daban, kan taya ta baya, ba ta da ikon matsawa ko rana na dukanta.

Ta jure har ta gaji. Ranar da wata ta ce mata, "Inna, ai ke ya kamata a riƙa biya, ke ce birkin," ta sauko ta ɗaure zani ta ce, "Ni buhun siminti ce? Da jikokina?" Ta haye motar wani.

Ran nan muka zo kwanar ba ita. Mun matsa, mun matse, amma duk sirara ne irina. Da idona na ga taya ta bar ƙasa. Ta tsaya a iska tana juyawa, kwanduna biyu suka tafi rami, wata tana salati tana yaƙushin wuyana. Sannan motar ta dawo ta dira, dim! Ba wadda ta ƙara yarda ta hau. Da ƙafa suka ƙarasa titi.

Mama ta ce a mayar da ita yadda take. Mai walda ya ce abin da aka yanke ya yanku, tsofaffin tayoyin ma ya sayar. Baba ya je har gidan Inna ban haƙuri, ta ba shi ruwa, ta ce, "Ɗan'uwa, ina son ka, amma na fi son raina."

Yanzu yashi yake ɗauko wa magina, ta wannan kwanar dai. Ya ce yashi a ƙasa yake kwanciya, ba ya tsoro kuma ba ya gori.

Shekaranjiya na ɗauko kwandona na kama ƙofa zan hau. Ya riƙe hannuna.

"Sauka. Je ki shiga ta su Inna."

Na ce, "Baba, ba kai ka ce lafiyarta ƙalau ba?"

"Ƙalau take."

"To me zai hana ni?"

Bai kalle ni ba. Ya ce, "Uwarki ba za ta iya rasa biyu ba." Ya ja ƙofa ya tayar, na tsaya riƙe da kwando har ya fice daga layin.