Tambayar da Baba Ishaya Yake Yi Mini

Kwana huɗu suka rage shekara ta ƙare. Ina tsakar gida da hantsi ina ɗaure fatar gangar mawaƙa, sai Alhaji Sani mai albasa, maƙwabcin Baba Ishaya, ya yi sallama a ƙofa. Bai taɓa zuwa gidana ba, don haka tun kafin ya buɗe baki na san ba lafiya ba. Ya ce, "Malam Yohanna, sai haƙuri. Dattijonku ya cika yanzu ga, gabana." Na ajiye gangar, na bi shi ko takalmi ban sa daidai ba.

Baba Ishaya ya zo Jega yana malamin gona tun muna ƙarƙashin Sakkwato, shekaru masu yawa kafin a ba mu Jihar Kebbi. Da ya ajiye aiki bai koma garinsu ba, ya ce inda mutum ya ƙarar da ƙarfinsa nan ne gida. Ikkilisiyarmu ƙarama ce, ta malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da masu sana'ar hannu, yau a kawo wannan gobe a ɗauke wancan. Shi ne dattijon da bai motsa ba. Shi yake riga kowa zuwa share majami'a, kuma ba a karɓar tsintsiya daga hannunsa. Manoman Kimba har bana suna zuwa tambayarsa lokacin dashen albasa. In maƙwabtansa suna azumi, ba ya cin abinci a ƙofar gida.

Akwai wata al'ada da ya kafa mana. Safiyar sabuwar shekara, bayan sujada, mukan zauna a inuwar dogonyaro, kowa ya ɗauki alkawari a gaban Ubangiji. Guda ɗaya tak yake yarda a ɗauka. Yakan ce, "Mai alkawali goma bai yi niyyar ko guda ba." Kuma ba a riƙe shi a ciki. Sai ka faɗa wa mutum ɗaya, wanda muke kira mai tambaya, shi kuwa aikinsa ya tsare ka kowace Lahadin farkon wata ya tambaye ka inda aka kwana. Wani ya ɗauki addu'ar safe da iyalinsa, wata ta ɗauki barin gulma, mata suka yi ta dariya suna cewa ta ɗauko dutse.

A nan dole in faɗi laifina, domin in na ɓoye shi ban faɗi ko wane ne Baba ba. Shekara uku da suka wuce, ina shugaban mawaƙa, muka ba Bulus tela ɗinkin rigunanmu. Da aka kawo, na ga ba ragowar yadi. Na tashi a gaban ikkilisiya na ce Bulus ya ci yadin Allah. Bai yi musu ba. Ya ɗauki iyalinsa da kekensa na ɗinki ya koma Maiyama, bai sake taka majami'armu ba. Bayan wata biyu na buɗe akwatin kayan kiɗa, sai ga yadin a ninke. Matarsa ce ta kawo mini shi ana tsakiyar koyon waƙa, ni da hannuna na jefa shi ciki na manta. Na rufe akwatin, na rufe bakina. Baba kaɗai na gaya wa, shi ma sai da ya ga na rame.

Farkon shekarar da ta wuce ya ce shi ne zai zama mai tambayata. Na gyara murya na ce na ɗauki alkawarin karanta Maganar Allah daga farko har ƙarshe. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Bara ma shi kac ce, kuma ka karance. Karatu bai yi maka wuya, Malam. Hwaɗi wanda kake tsoro." Mutane suka fara watsewa. Daga ƙarshe na ce zan je Maiyama in roƙi Bulus gafara.

Tun daga nan, duk Lahadin farkon wata sai ya tare ni a bakin ƙofa da kalma biyu: "Ka tahi?" Ni kuwa malamin makaranta ne, ba na rasa amsa. Wannan wata jarrabawa, wancan ruwa ya ɓata hanya, na gaba ƙafa tana ciwo. Ranar kasuwar Jega nakan kewaye layin 'yan yadi don kada mu yi kiciɓis da Bulus. Baba bai taɓa yi mini faɗa ba, bai taɓa gaya wa kowa ba, bai kuma taɓa fasa tambayar ba. Wani lokaci har haushinsa nake ji.

Tambaya ta ƙarshe a kwance ya yi mini ita, ciwon ƙirjin da yake fama da shi ya riga ya ci ƙarfinsa. Na ce bari mu gama waƙoƙin Kirsimeti. Ya lumshe ido ya ce, "To. Ni dai tambaya anka sa ni. Tahiya taka ta."

Wurin biso, ana binne Baba, na hango Bulus a bayan jama'a, yana kuka kamar wanda ya rasa uba. Kafin in tattaro ƙarfin hali ya tafi. Ranar ƙarshe ta shekara na shiga mota zuwa Maiyama. Na same shi a rumfarsa yana ɗinki. Na tsaya a rana na faɗi komai, har inda na sami yadin da tsawon lokacin da na yi shiru. Bai ɗago kai ba sai da ya kai ƙarshen layin da yake ɗinkawa.

Ya ce, "Baba shina tahowa nan kowane wata. Shi na alkawalinai na bana, ni na mai tambayatai. Bai taɓa ce min komi bisa kanka ba, sai magana guda: duk randa kat taho, kar in bar ka tsaye." Ya turo mini kujera da ƙafa. Da na zauna ya ƙara da cewa, "Na yahe. Amma gaban jama'a kab ɓata min suna, gaban jama'a zaka wanke shi."

Ashe tsoho mai ciwon ƙirji yana hawa mota wata bayan wata zuwa inda ni mai lafiya na kasa zuwa sau ɗaya. Na yi kuka a rumfar nan, ban ji kunyar masu wucewa ba.

Safiyar sabuwar shekara na tashi a gaban ikkilisiya na ce na yi wa Bulus ƙazafi, na kuma san gaskiya na ɓoye. Bulus bai zo ba, amma matarsa ta zo ta zauna cikin mata. Abin da yake ci mini rai shi ne Baba ya yi shekara guda yana jiran kalma biyu daga bakina, ya tafi bai ji su ba. Na tafi, Baba. Na makara, amma na tafi.

Ubangiji ya yi masa jinƙai, ya karɓe shi cikin hutunsa. Ya ta'azantar da matarsa Mama Rahila, ya tsare 'ya'yansa da jikokinsa, ya saka wa maƙwabtan da suka zauna da shi har numfashinsa na ƙarshe. Mu da muka ɗauki alkawari bana, Allah ya ba mu ikon cikawa tun masu jiranmu suna da rai. Cikin sunan Yesu Almasihu, amin.