Ranar da Na Yi wa Likita Talla

A Libreville, garin da mutum kan fito daga wanka ya fara gumi tun kafin ya ɗaura zane, ni rigar sanyi nake sawa. Haka nake wuni a shagona na unguwar Lalala, a tsakiyar man shafawa da gashin kanti da turaruka, na takure kamar kazar da ruwa ya daka. Ƙiba ta zo mini ba tare da na ƙara ko loma ɗaya ba, matan unguwa suna ta yi mini barka, wai Gabon ta karɓe ni. Gashina kuwa sai bin mataji yake yi, amma wannan sirri ne tsakanina da ɗankwalina.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne barci. Ni da nake jiyo takun mai saye tun daga bakin titi, sai ga shi mai saye ne ke bubbuga tebur ya tashe ni. Wata rana na farka na tarar wata mata ta zaɓi kayanta, ta zauna tana yi mini gadin shago.

Maigidana Alhaji, wanda ke da shagon kayan masarufi a hanyar Owendo, ya kai ni asibiti. Likitan ya lallatsa wuyana, ya ce yana zargin wata 'yar tsoka da ke gaban maƙogwaro, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Su tayirod suke ce mata. Aka ɗebi jini a labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, aka auna wani abu wai shi TSH. Sakamako ya fito, likita ya ce komai normal. Bayan wasu watanni muka sake, normal ɗin dai.

Shi kuwa Alhaji, in takarda tana da hatimi, to magana ta ƙare. Bai taɓa ce mini raguwa ba, ina shaidarsa, amma ya koyi wani irin kallo. Daga baya ya yanke shawara: in tafi Kano wurin mahaifiyata in huta, yara su zauna da shi saboda makaranta, shagona kuma a bai wa wani haya. Shagon da na fara da tire a ka! Na ji haushi ƙwarai, sai dai ko ƙarfin yin faɗa ba ni da shi, wanda shi ma ya isa ya nuna masa ba lafiya ba. Na roƙe shi mu gwada likita ɗaya tak, in ita ma ta ce normal, zan haɗa kayana.

Likitar 'yar Gabon ce, mai fara'a. Ta duba tsoffin takardun, ta tambaye ni ko ina shan wani magani. Na ce ko ɗaya. Haka na faɗa wa na farkon ma, kuma gaskiyata na faɗa, don a wurina magani shi ne abin da aka rubuta maka ka je farmasi ka saya. Ta fara rubutu, na ga alamar wani normal ɗin ne ke tafe.

To, a nan ne ta sunkuyar da kai, na hango gaban goshinta. Kitso ya cinye gashin wurin. Ɗan kasuwa ko a gadon asibiti ɗan kasuwa ne, kuma ban taɓa fita ba samfur a jaka ba. Kafin in ankara na zaro kwalbar ƙwayar gyaran gashi da nake sarowa, na dire mata a tebur. Alhaji ya taka mini ƙafa, na janye ƙafata na ci gaba. Da faransancina na kasuwa na ce mata kaya ne mai kyau, ba irin na bakin titi ba.

“Ni ma shi nake sha, Madam,” na ce. “Biyu da safe, biyu da yamma.”

“Tun yaushe?”

“Tun da gashina ya fara zuba.”

Ta juya kwalbar ta karanta, sai ta ajiye biro ta yi dariya har da riƙe baki. Ta ce ƙwayar cike take da wani sinadari, biyotin, wanda in ya yi yawa a jini yakan rikita awon wasu injinan labo, ya sa TSH ya fito ƙasa da yadda yake. Ta yi mana bayani dalla-dalla: TSH kira ne da ƙwaƙwalwa ke yi wa tsokar wuyan, kamar uwa tana kiran ɗa. In ɗan ya yi kunnen ƙashi, sai ta ɗaga murya. Mai yiwuwa tawa ta daɗe tana ihu, ƙwayar ce ta toshe mata baki. Ta ce in daina sha na 'yan kwanaki, a sake ɗibar jini, a haɗa da awon abin da tsokar kanta ke fitarwa, wai shi T4. Kwalbar kuma ba ta saya ba.

Da muka koma, TSH ya haye sama da iyakar da aka rubuta a gefe, T4 ya yi ƙasa. Ta ce tsokar ce ta yi sanyin aiki, akwai magani, ƙwaya ɗaya kullum da safe kafin a ci komai, za a riƙa awo ana daidaitawa. Ban taɓa jin daɗin a ce mini ba ni da lafiya ba sai ranar. Har godiya na yi mata sau biyu, kamar wadda aka yi wa albishir.

A taksin komawa Lalala an cusa mu baya da wata mata da buhun rogonta. Alhaji ya ƙura wa takardar ido, har muka wuce mahaɗar da ya kamata ya sauka ya nufi shagonsa. Na ce a raina, bari in ja shi da tsiya.

“To, Alhaji, yaushe ne tafiyar Kanon?”

Bai yi dariya ba. Ya ninke takardar a hankali ya sa a aljihu.

“Ashe da gaske ciwo ne,” ya ce.

“Da me ka ɗauka?”

Ya juya yana kallon titi ta taga.

“Na ɗauka zama da ni ne kika gaji da shi. Shi ya sa na ce ki tafi, don kada sai kin roƙa.”