Sun Ɗauki Kiɗan, Sun Bar Sunan

Shekara goma ke nan da aka kai maigidana makwancinsa a jar ƙasar Karolina, nesa da Tasawa inda aka binne cibiyarsa. Ni ban yi lakkwal ba, wato boko. Ɗiyata Hajara ce zaune gabana da alƙalami, na kuma gaya mata abin da ya fito bakina shi za ta rubuta, kada ta zuba masa sukari. Na so bana ma in yi masa sadakar waina in koma ɗaki kamar kullum. Amma raina a ɓace yake, kuma wannan karon ɓacin ran ya ƙi haɗiyuwa.

Maigidana makaɗin molo ne, ɗan makaɗi, jikan makaɗi. A gidansu ba a taɓa tsirkiya sai an kira suna. Mutum zai ɗora molo a cinya, ya kira wanda ya koya masa, ya kira wanda ya koya wa wancan, ya yi musu addu'a, sannan yatsa ya sauka. Ko a gidan biki ne, ko shi kaɗai ne a zaure. Haka ya taso ya gani, ya kuma ɗauka duk duniya haka ake yi. Nan ne Allah Ya jarrabe shi.

Babban ɗanmu ne ya kawo mu Greensboro, bayan ya zauna da gindinsa. Ba mu gama kwance kaya ba alhazan garin suka zo sannu da zuwa. Suka sha shayi, suka yi gyaran murya, suka ce masa nan ba wanda ya san asalin wani, ya bar maganar kiɗa a can inda ya baro ta, kada a riƙa nuna 'ya'yansa ana cewa 'ya'yan maroƙa. Ya ce ya ji. Aka samo masa aikin wankin mota a wani filin sayar da motoci a kan High Point Road. Mai filin ya gwada sunansa, harshensa ya ƙi, ya ce daga yau kai ne Jo. Mutumin da ake shimfiɗa wa tabarma tun daga Tasawa har Maraɗi, ga shi da soso da bokiti, ana kiransa Jo.

Ana nan, ana nan, wata rana ya shigo da tsohuwar jita da ya samo a shagon kayan gwanjo. Ya zauna a garejin bayan gidanmu na McLeansville, inda ba maƙwabci sai gonaki, ya cire mata tsirkiya uku ya bar uku, ya yi ta murɗa su har suka yi muryar molo. Babban yatsa na bugun ta sama ba tsayawa, kamar dakan turmi, sauran suna yawo a ƙasa. Ina wanke-wanke na ji taken maƙeran garinmu yana fitowa daga jitar Nasara. Kwanon ya suɓuce mini.

A filin motocin akwai wani yaro Bature, siriri, gashi har kafaɗa, muka sa masa Dogo. Shi ya fara ji, shi ya jawo abokansa biyu. Duk Asabar suna garejinmu da jitocinsu masu igiyar lantarki. Sun ci tuwona da miyar kuɓewa har sun koyi cewa "a ƙara." Maigida ya kama yatsunsu ɗaya bayan ɗaya kamar mai koya wa jariri tafiya. Ba Turanci gare shi ba, ba Hausa gare su ba, amma kafin kowa ya taɓa tsirkiya sai ya sa sun kira ubansa, sun kira kakansa, sun kira shi. Su maimaita suna dariya, suna karya sunayen. Shi kuma ya shigo yana murna ya ce mini, "Kin ji 'ya'yana? Ran da suka tsaya gaban jama'a, za a ji sunan tsohona a Amirka."

Su Dogo suka tashi suka bar gari. Aka ce sun kafa ƙungiyar kiɗan rok, aka ce wasu sun ji su sun kwaikwaya, wasu kuma sun kwaikwayi waɗancan. Dogo ya aiko masa da kaset. Ranar ya yi wanka ya sa babbar riga don ya saurara. Ya danna. Ga bugun babban yatsansa nan, ga tsirkiya uku, ga taken maƙera an lulluɓe shi da ganguna da ihu. Bai motsa ba har kaset ya tsaya. Ba a kira kowa ba. Ya dube ni ya ce, "Wataƙila yana ɗaya gefen." Ya juya kaset. Muka saurara har ƙarshe. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya ce, "Yara ne, sun manta. Za su tuna." Da wannan maganar ya rayu, da ita ya mutu. Shi ya yi musu uzuri. Ni ban yi ba.

Ran zaman makokinsa, malamai da alhazai sun cika falon nan. Sun ce mutum ne mai sallah, mai haƙuri, mai riƙon aiki. Duk gaskiya ne. Amma ba wanda ya buɗe baki ya ce makaɗi ne. Sun wanke shi tas kamar yadda yake wanke motoci, har ba abin da ya rage nasa a jikinsa.

Yau in ya tashi me zai gani? Zai ga jikokinsa da 'yan wayoyi maƙale a kunne suna kaɗa kai. Na taɓa zare na wata jikata na sa a kunnena, na ji hannun kakansu, ko a mafarki na san shi. Na ce, "Kin san mai wannan?" Ta ba ni amsa da Turanci, ta kira wasu samari da ba a ma haife su ba lokacin da ake zama a garejinmu. Zai ji bugunsa a rediyon mota, zai ji shi a shaguna, har a tallar da ake yi a talabijin. Na san halinsa. Zai fara yin dariya, ya ce sun cika sauri, babban yatsansu bai nuna ba. Sannan ya kasa kunne, yana jira har yanzu.

To, ga abin da ya sa na ce a ɗauko alƙalami. Bana Dogo ya dawo, gashin ya yi furfura, tare da wata mata mai ɗaukar hoto da ke neman makaɗan da aka ci amfaninsu aka manta da su. Ya tuna garejin, ya tuna tuwon, sunan kuwa ya ɓace masa, Jo kaɗai ya rage a kansa. Kun ji ɗalibi. Suka je masallaci suka tambaya. Alhazan da suka sha shayinmu suka dubi juna suka ce ba su san wani makaɗi a cikin jama'arsu ba. Suka je wurin babban ɗana a Sedgefield, inda yake zaune kusa da filin da masu hali ke buga ƙaramar ƙwallo da sanda. Ɗiyarsa na shirin auren ɗan wani babban Alhaji. Bai kore su ba, ya fi haka wayo. Ya sa su a mota ya kawo su gabana.

Dogo ya durƙusa yadda ya ga ana yi a da, idonsa ya kawo ruwa. Matar ta saita na'urarta. Ɗana ya ce, "Mama, sunan Baba suke so. Ki gaya musu."

Ya san abin da yake yi. Ya san tun ran da aka ɗaura mana aure ban taɓa kama sunan ubansa ba, ban taɓa kama na surukina ba, shi kansa ɗan fari ban taɓa kama nasa ba. Haka uwata ta yi, haka tata uwar. Na buɗe baki, harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Na dubi ɗana in ga ko zai faɗa. Ya duƙar da kai yana latsa wayarsa. Can ya juya ya yi musu Turanci. Hajara ce ta gaya mini daga baya, wai cewa ya yi tsufa ya kama ni, na rikice, ba ni tuna komai. Suka yi mini sannu suka tafi.

Ban rikice ba. Kunyar da na yi wa mijina girmamawa ce, ban yi ta don a mayar da ita kwaɗo a kulle kabarinsa ba. Turawa sun ɗauki kiɗan don ba su san a kira suna ba. Mu mun san a kira, muka ƙi. Ku gaya mini, jama'a, wa ya fi wani laifi?

Me ya rage nasa? Jitar ɗana ya ba da ita tun kafin a yi arba'in. Garejin an cika shi da tsofaffin tayoyi. Bugun kuwa ba mai iya kashe shi, ya shiga hannun yaran da ba su san akwai gari wai shi Tasawa ba, zai kuma wuce mu duka. Amma yana yawo ba uba. Abu ɗaya mutumin nan ya roƙa a duniya, bai kuwa roƙa don kansa kaɗai ba.

Hajara ta ɗaga alƙalami tana cewa, "Inna, bari ni in rubuta, ba sai kin faɗa ba." A'a. Da bakina zai fito, ke kuma ki kai jarida a buga, ki kai wa Dogo ki karanta masa har ya iya. Matan Tasawa su ce tsohuwa ta zubar da kunya a Amirka, na yarda. Alhazai su ji, surukai su ji.

Makaɗa Tanko ya koya wa Bawa. Bawa ya koya wa Isuhu. Isuhu mijina ne. Allah Ya jiƙansu.