Kabarin da Ke Bayan Katanga

Kawuna haƙa kabari ne sana'arsa, tun yana saurayi har ya yi furfura. Mu ne 'yan asalin wurin, kakanninmu suna noma ƙasar nan tun ba a aza tubalin garin ba. Amma 'yan gari "mutanen daji" suke ce mana. Kawu ya taɓa gawarsu, wannan ba laifi. Ya taɓa kofinsu kuwa, sai an wanke har da tofar da yawu.

Da matarsa ta rasu, wadda muke kira Inna, ya saɓa digarsa ya nufi maƙabartar da ya ƙarar da ƙarfinsa a ciki. Shugaban kwamitin maƙabartar, wani mai tumbi da muke kira Ƙafar Agwagwa, ya tare ƙofa.

"Ba a ciki ba," in ji shi. "Ku kai ta bayan katanga."

Can aka kai ta, gefen juji. Mu kuwa mun yi imani waɗanda ke kwance kusa da kai su ne maƙwabtanka a lahira, wanda ke wajen ƙafarka kuma shi ne baranka. Ga Inna ita kaɗai, matar da ko shara ba ta iya yi sai da abokin hira. Wannan ne ya fi ci wa Kawu rai. Ni kam na so ya kwaɗa wa mutumin nan diga, wallahi har yau ban huce ba.

Kawu kuwa sai ya sauya hannu a aiki. Kowane kabari ya ƙara masa faɗi, ya bar tazara a tsakani. Dangin mamata har godiya suke yi, wai an girmama nasu. Maƙabarta ta cika tun lokacinta bai yi ba, dole kwamiti ya rushe katanga ya faɗaɗa. Inna ta koma tsakiyar manyan gari. Amma akwai wani ɗan fili a wajen ƙafarta da Kawu ya yi ta tsallakewa shekara da shekaru.

Ranar da Ƙafar Agwagwa ya mutu, Kawu na fama da ciwon baya, amma ya hana kowa digar. Shi ya haƙa, a daidai filin nan, 'ya'yan mamacin suna ta sa masa albarka.

Da jama'a suka watse, na ga ya durƙusa a kan kabarin Inna yana share mata ganye.

"Tsohuwa, ga bara na kawo miki," ya ce. "Kada ki raga masa. Ki fara ba shi kofinki ya wanke."