Likitar da ta biyo tsoho har bakin ƙofa

Ina zaune a bencin sashen gaggawa, ina jiran a ɗinke wa ɗana goshi, sai ga wata likita ta fito da sassarfa. Siririya ce, farar rigarta ta yi mata yawa, idanunta na neman barci. Wani tsoho take bi, wanda ta sallama yanzu da maganin gyambon ciki. Ya kai bakin ƙofa yana murza hannunsa na hagu.

"Baba, dawo mu duba zuciyarka. Hankalina bai kwanta ba."

"'Yar nan, ba ke kika ce olsa ce ba? Ko a hanya aka canja mini ciwo?"

"Ni na faɗa, kuma ina jin na yi kuskure."

Ƙorafi kan asibitoci ya sha biyowa ta teburina a ofishin karɓar koke-koke inda nake aiki, kullum da tambaya ɗaya: kuskure ne ko sakaci? Ban taɓa iya raba su ba sai yau. Wataƙila ta taɓa sallamar wani haka, bai dawo da rai ba.

Ga ta nan riƙe da ledar maganinsa, tana rage sauri don ya cim mata, suna komawa ciki.