Mitar da ta Kama Ɓarawon Batir

Basirka

Ƙarfe biyar da kwata na asuba, ranar Laraba, na hau bayan acaɓa zuwa tasha. A aljihuna akwai fiyus biyu, mai rai da mataccen, sai tsohon batirin babur a leda. Shekara goma sha shida ina wayarin ɗin mota a Basirka, kuma kayan gwajina ɗaya ne tal: ƙwan fitila da waya biyu. In ya kama akwai wuta, in bai kama ba babu.

Motar Alhaji Sale ce ta tona mini asiri. Ita ke kai riɗi kasuwa, amma in ta kwana biyu a ajiye sai an tura ta. Batir biyu ya saya a kan maganata. Ranar Talata ya ce mini a gaban direbobi, "Malam Rabi'u, in Juma'a ta yi ba ka gano ba, Kano zan kai ta." Na san in ta tafi, sauran motocin tashar za su bi ta. Raina ya ɓaci ƙwarai. Shi ya sa na nufi Birnin Kudu neman mitar gwajin wuta.

Gwaram

Mun iso bakwai saura. Na sha shayi da burodi a tsaye, na shiga wata bas da ta ƙi cika sai takwas da rabi. A shingen hanya ɗan sanda ya leƙa ledata ya ce, "Malam, mataccen batir kake kaiwa asibiti?" Na ce, "Ranka ya daɗe, shi ne likitan yau."

Birnin Kudu

Goma da kwata na sauka, aka nuna mini shagon wani Malam Hamisu mai kayan wuta. Ya jera mini mita uku masu nuna lamba. Ta dubu huɗu 'yar rawaya ce, mara nauyi kamar akwatin ashana. Ya ce, "Wannan kowa ke ɗauka." Na ɗora tsinkayenta biyu a kan fiyus mai rai. Shiru. Na ce, "Ba ta kuka?" Ya ce a'a, sai dai ka duba lamba. To mutumin da kansa ke ƙarƙashin sitiyari, da wane idon zai duba?

Ta dubu talatin ko taɓa ta ban yi ba. Ta tsakiya, dubu tara da ɗari biyar, tana da rigar roba. Na gwada fiyus mai rai ta yi ƙara, na gwada mataccen ta yi shiru. Na ɗora ta a batirin babur ta nuna goma da ɗigo takwas maimakon sha biyu, daidai da raunin da na san yana da shi. Na sa ya kwance bayanta, na ga ramin auna yawan wutar da ake sha, na am goma, yana da fiyus nasa, don in na yi kuskure fiyus ɗin ya ƙone, ba mitar ba.

Malam Hamisu ya yi dariya. "Yallaɓai, ko saniya ba a duba ta haka."

Ya bar mini ita a dubu tara. Na ci masa da miya, na yi azahar, ƙarfe biyu da rabi na kamo hanya ina rungume da kwalin.

Basirka kuma

Ban je gida ba. Biyar da rabi na tarar da Alhaji Sale da direbobi a gindin dalbejiya, motar tana gefe. Na cire kan batir na baƙar waya, na sa mitar a tsakani. Mota a kashe, amma lamba ta tsaya a kan am ɗaya da 'yan kai. Na ce, "Alhaji, ga shi, wani abu na shan wuta."

Na shiga zare fiyus ɗaya bayan ɗaya. Na zare duka, lamba ba ta motsa ba. Ke nan ɓarawon bai bi ta fiyus ba. Na koma kan batir, sai ga wata siririyar waya ta zagaya ta bayan injin zuwa na'urar ƙara sauti da ke ƙarƙashin kujera. Ina cire ta lamba ta faɗi kusan sifili. Direbobi suka yi shewa. Wallahi daɗi ya kama ni.

Alhaji ya ɗaga wayar yana duba ƙullin jan salatif ɗin da ke jikinta. Ya ce, "Wane mugun ne ya yi mini wannan haɗin?"

Kaf garin nan ni kaɗai ke ƙulli biyu da jan salatif. Bara na haɗa masa ita, yana sauri zai kai amarya Zandam. Na ce, "Alhaji, wanda ya kama shi ne."

Sai da ya zauna a kan benci don dariya. Safiyar Juma'a ya murɗa makulli sau ɗaya ta tashi, kuma motoci uku na layi a ƙofar rumfata. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam Hamisu da ya haƙura da ni. Ƙwan gwajin kuwa na rataye shi a ƙusa.