Ƙanƙara a Sararin Borno

Ana ɗage dokar hana fita da asuba muka bar Bulumkutu, ni da Baba. Kakata ce ba lafiya a Yola, hanyar Damboa kuma ba ta biyuwa. Baba makaniken wani ƙaramin jirgin sama ne mai kujeru huɗu, shi ya roƙa mini wurin zama.

Mai keke ya ninka kuɗi saboda shingayen sojoji. A kowane shinge sai mu sauka mu wuce da ƙafa, hannu a sama, ledar ƙosaina tana reto. Babu wanda ya yi dariya.

A filin jirgi na tarar jirgin bai fi motar haya girma ba. Baba ya buɗe hancinsa, suka kama gardama da direban jirgin a kan wani akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin kafireto, inda mai ke gauraya da iska. Ta akwatin nan injin yake shaƙar iska, ga shi gefensa ya tsage.

"Mu cire shi," in ji Baba. "Inji zai fi numfashi."

"Malam, damina ce. In ƙanƙara ta kama kafireto, ta ina zan ba shi iska mai zafi?"

"Ƙanƙara a Borno? Ko a firji sai an kawo wuta."

Direba bai saki ba. Baba ya ɗaure tsagin da waya yana ƙunƙuni da Kanuri.

Daga sama na ga garuruwa babu rufi, ɗakuna a buɗe kamar kwanukan da aka wanke. Babu hayaƙin girki, babu ko akuya. Muna shiga ƙarƙashin hadari, ƙarar injin ta soma ja da baya, sai tari. Ƙasanmu daji ne, wanda a gida ba ma kiran sunansa da ƙarfi. Na san in muka sauka a nan, ba masu ceto ne za su fara iso mana ba.

Direba ya ja wani ɗan maɓalli mai tura iska mai zafi ta akwatin nan. Tarin ya ƙaru, jirgin ya yi karkarwa. Na kama salati. Baba bai juyo ba, amma ya miƙo hannu ta bayan kujera ya riƙe idon sawuna. Hannun sanyi ƙalau. Can injin ya yi kaki, ya koma muryarsa.

"Ƙanƙarar ta narke," in ji direba.

Na sami kakata da sauƙi, har ta yi mini faɗan rama. Kafin mu juyo, Baba ya yini yana liƙe akwatin nan, bai kula kowa ba.

Da muka dawo gida Mama ta tambayi hanya. Baba ya ce lafiya lau, ya kalle ni. Ni ma na ce lafiya lau. A tafiyar nan na gane manya ma suna jin tsoro, hannu kawai suke ɓoyewa.